Kada Matse Bidiyo Ya Kashe Darasi

A garuruwa irin su Illo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, ɗalibi kan fara ganin ƙwayar halitta a fuskar waya tun kafin ya leƙa na'urar hangen ƙananan halittu. Don haka ingancin bidiyon da malami ke turawa al'amari ne na ilimi.

Ɗanyen bidiyo mai ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, da hotuna 25 cikin daƙiƙa guda, yana cin wajen bit miliyan 249 kowace daƙiƙa. Dole ne a matse shi. Faifan VCD, wanda ya kai finafinan Kano lungu-lungu, kilobit 1,150 kacal yake amfani da shi. Wannan dabara ta dogara ne kan halittar idon ɗan Adam, wanda ya fi gane bambancin haske da duhu a kan bambancin launi. Saboda haka injiniyoyi suke rage bayanan launi ba tare da mai kallo ya ankara ba.

Amma fa matsa tana da iyaka. Idan adadin bit ya yi ƙaranci, hoto yakan farfashe zuwa dabbare-dabbare, musamman inda ake motsi. Gashin jikin faramisiyam, wanda shi ne ainihin darasin, sai ya narke ya zama hazo.

Maganin shi ne matsa mai zagaye biyu. A zagaye na farko kwamfuta tana nazarin bidiyon duka, ta lura da wuraren motsi da na tsayuwa. A na biyu sai ta raba bit gwargwadon bukatar kowane wuri, tamkar manomin shinkafa a fadamar Kogin Kwara da ke kewaya gonarsa kafin ya raba taki. Alal misali, darasin minti 10 a kan kilobit 1,000 zai kai megabait 75 ko ta wace hanya aka bi, sai dai zagaye biyu ya fi fito da wurare masu wuya.

Wasu za su ce aikin yana cin lokaci ga ƙarancin wutar lantarki. Gaskiya ne. To amma malami sau ɗaya zai jira, ɗalibai kuwa shekara da shekaru za su yi ta kallo. Manhajojin HandBrake da FFmpeg kyauta ne, kuma duka suna yin wannan aiki. Ina kira ga malamai da su koye su, su kuma gwada bidiyon a ƙaramar waya kafin su tura wa ɗalibansu.