Rinin Bakan Gora: Darasin Kimiyya da Makarantu Suka Yi Wa Riƙon Sakainar Kashi

Duk yaron da ya taɓa sassaƙa baka da gora, ya ɗaura masa tsirkiya, to abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya yi masa ado. Galibi sai ya nemi ragowar fentin ƙofa ya shafe shi. Ba a daɗewa fentin ya tsattsage ya zube, wani lokaci ma bakan ya karye a hannunsa. Wannan ɗan aiki da ake ɗauka wasan yara ne yana ƙunshe da ilmin tsirrai da na sinadarai da na ƙarfin abubuwa, kuma ya cancanci malaman sakandare su shigo da shi aji, su yi shi da kayan rinin gargajiya maimakon fentin kanti.

Gorar da ake nufi a nan ita ce mai gaɓa-gaɓa wadda masana ke kira Oxytenanthera abyssinica, ba gorar duma ba. Ko da yake tana kama da itace, ainihinta ciyawa ce, dangin dawa da gero da rake. Bayanta yana lulluɓe da wata fata mai santsi da ke ɗauke da kaki da sinadarin silika, wato irin sinadarin da ke cikin yashi. Wannan fata ce ke hana ruwa shiga, ita ce kuma ke sa rini ya zame. Bugu da ƙari, jijiyoyin gora duk a tsaye suke, ba ta da hanyoyin nan na gicciye da ke kai ruwa daga waje zuwa ciki kamar na itatuwa. Saboda haka launi ba ya ratsa ta sosai, a sama-sama yake zama.

A nan haɗarin yake. Zaruruwan da ke ba gora ƙarfi sun fi cunkushewa dab da fatar nan, suna raguwa yayin da aka nufi ciki. Idan aka ja baka, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya matse. Wanda ya kankare bayan da zurfi domin rini ya kama ya yanke zaruruwan da ke ɗauke da nauyin, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido. Abin da ya dace shi ne a goge santsin kawai da takardar yashi mai laushi, ana bin tsawon gorar, a tsaya da zarar ƙyallin ya dushe. Haka nan ba a jiƙa baka cikin ruwan rini, domin laima tana rage masa ƙarfin harbi. Da tsumma ake shafawa, a bari ya bushe a inuwa, a sake.

Me ya sa kayan gargajiya suka fi dacewa da aji? Dalili shi ne kowanne da darasin da yake koyarwa. Idan aka dafa 'ya'yan bagaruwa aka shafa ruwan, sa'an nan aka bi da ruwan tsamiyar da ƙusoshi suka kwana biyu a ciki, gora za ta yi duhu a gaban idon ɗalibi. Sinadarin tanin na bagaruwa ne ya haɗu da ƙarfe ya haifar da baƙin launi, hikimar da dukawa suka daɗe suna aiki da ita. Gora ba ta da tanin mai yawa, don haka ruwan ƙarfen shi kaɗai ba ya yin wani abin kirki. Karan dafi, wanda ake jiƙawa da kanwa, yana ba da jan da aka san fatun awakin Sakkwato da shi, fatun da suka riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba musu sunan Maroko. Saiwar rawaya da kurkum suna ba da ruwan ɗorawa, sai dai na kurkum yana saurin koɗewa a rana.

Har waɗanda ba su kama ba suna da amfani. Lalle yana kama hannu da farce ne saboda sinadarinsa yana ɗaurewa da furotin ɗin keratin. Gora kuwa ba ta da shi, shi ya sa launin ke fitowa da rauni. Baba, wanda marinan Ƙofar Mata a Kano ke aiki da shi, ba ya narkewa a ruwa sai ya ruɓa a karofi tare da ruwan toka, kuma shuɗin yana bayyana ne bayan iska ta taɓa shi. Tun da yana bukatar tsomawa, ya fi kyau a rina zare da shi a naɗe mariƙin bakan. Ɗalibin da ya gano dalilin waɗannan abubuwa da hannunsa ya fi wanda ya haddace su daga allo, domin gani ya kori ji.

Akwai masu cewa rinin kanti ya fi ƙarko, ya fi haske, kuma bai da wahala. A wannan suna da gaskiya. Tun da William Perkin ya samo rinin farko na masana'anta a Ingila a 1856, yana ɗan shekara 18, kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban masana'anta a 1897, rinin tsirrai ya yi ta ja da baya a kasuwannin duniya. Amma manufar aji ita ce fahimta, garin da ke cikin ƙullin leda kuwa ba ya bayyana wa yaro komai game da asalinsa. Game da fenti, lulluɓi ne mai kauri da ke ɓoye tsaga, alhali mai baka yana bukatar ya ga zaruruwan gorarsa kafin kowane ja.

Wasu kuma za su ce baka makami ne, bai kamata ya shiga makaranta ba. Wannan damuwa ce mai tushe, kuma maganinta mai sauƙi ne. Gwajin ba ya bukatar kibiya ko ɗaya. Malami zai iya tsaga gora gida shida masu tsawon santimita 30, a rina kowace da abu dabam, a rufe rabinta da takarda, a ajiye a rana mako biyu, sa'an nan a gwada koɗewar. Za a iya kankare wasu da zurfi, a rataya musu nauyi, a rubuta inda kowace ta karye. Idan an kai ga haɗa cikakken baka, sai a shafe shi da kakin zuma domin tsare launin da kore laima, a rataye shi a ɗakin gwaje-gwaje.

Sauran al'ummu ba su raina wannan sana'a ba. A Japan, dogon bakan nan da ake kira yumi, wanda ya haura mita 2, da gora da katako ake haɗa shi, akan kuma shafe wasu da ƙaron itacen urushi, wanda laimar iska ke taimaka masa ya daskare. A ƙasar Butan harbin baka ne wasan ƙasa tun 1971, kuma bakan gargajiyarsu na gora ne.

Malamai da dama suna kukan rashin kayan gwaji, kuma kukan nasu gaskiya ne. Sai dai bagaruwa da kanwa da tsamiya suna nan a kowace kasuwar ƙauye da ɗan kuɗi kaɗan, tsofaffin dukawa da marina da suka san sirrinsu kuwa raguwa suke yi. Ya rage ga malamin kimiyya ya gayyato ɗaya daga cikinsu ajinsa a wannan zangon karatu, ɗalibai su ga yadda ake yi, shi kuma ya bayyana musu dalilin da ya sa yake yiwuwa.