Filin Ilimi: Igiyar rediyo mai tura kuran cikin tukunyar rana

Masu karatu, a wannan mako za mu leƙa Kadarash, a kudancin Faransa, inda masana ke neman kwaikwayon yadda rana take haɗe ƙwayoyin zarra tana fitar da zafi. Sunan na'urarsu tokamak, ƙirar masanan Tarayyar Sobiyet ta shekarun 1950. Siffarta kamar gammo. A cikinta ake dafa iskar haidurojin har ta rikiɗa ta zama filasma, kuma aikin yana bukatar zafin da ya wuce digiri miliyan 100. Babu ƙarfen da zai jure haka, don haka da maganaɗisu ake riƙe filasmar, kada ta taɓa bango.

Sai dai riƙon ba ya cika sai da kuran mai zagayawa cikin filasmar kanta. Da taransifoma ake tada shi, amma ita taransifoma ba ta turawa sai ƙarfinta yana canzawa. In ta kai iyaka, kuran ya mutu, filasma ta watse. Tashar lantarki mai aiki tana tsayawa kuwa ba ta riƙe gari.

A 1978 wani matashin masani Ba'amurke, Nataniyal Fish, ya nuna mafita: a harba igiyoyin rediyo su nufi gefe guda, su kora ƙwayoyin elektoron yadda iskar hunturu ke korar rairayi. In elektoron suka bi hanya ɗaya, kuran ya samu. Masu saurin cikinsu ya zaɓa, domin ba su cika karo da sauran ba, turin da aka yi masu yakan daɗe.

Da wannan dabara na'urar Tore Supra ta Kadarash ta riƙe filasma minti 6 da rabi a 2003. Bayan an gyara ta aka sa mata suna WEST, kuma a Fabrairun 2025 ta kai daƙiƙa 1337, wato fiye da minti 22.

Saura lissafi. Igiyoyin nan lantarki suke ci, kuma kowane ɗan kasuwa ya san in kuɗin dako ya cinye riba, an yi aikin banza. Sai tashar ta ba da abin da ya ninka abin da ta sha kafin a kira ta tasha. Ranar da haka ta faru, maganar za ta shafe mu, domin wannan wuta ba ta bukatar uraniyom irin na Arlit. Daga ruwa da ma'adinin litiyom ake samo makamashinta.

Sai mako mai zuwa.