Daga Bakin Allo: Tsohon Bidiyo da Sabon Talabijin

Watan jiya muka sauko da tsohon bidiyonmu daga kan kabad, don yara su ji muryar kakarsu, Allah ya jiƙanta, a kaset ɗin bikinmu. Da muka leƙa bayan sabon talabijin, babu ramin da wayarmu za ta shiga, sai na HDMI.

Maganin abin ɗan akwati ne mai juya AV zuwa HDMI, wanda ke shan wuta ta USB. Rawayar waya ta hoto ce, fara da ja na sauti. In bidiyon ɗan Faransa ne mai faffaɗan bakin Péritel, sai an nemo masa mahaɗi. A buɗe ido a kasuwa: akwai mai juya HDMI zuwa AV, kamarsu ɗaya, amma ba zai yi aikin ba. Mu dai sai da muka koma kanti sau biyu.

Kaset ɗin da aka ɗauka da SECAM, tsarin Nijar na da, yakan fito ba launi a na'urar PAL. Ba lalacewa ya yi ba.

Tun 2016 Funai na Japan, kamfani na ƙarshe mai ƙera bidiyo, ya daina. Namu kuma ya soma tauna kaset, saboda haka ranar Asabar za mu kwashe bikin zuwa kwamfuta.