Ingilishi ya zama harshen aiki: ina rabon iyayen da ke kasuwa?

Tun watan Maris na shekarar 2025 da aka fito da kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci kuwa ya bar matsayin harshen hukuma, ya koma harshen aiki tare da Ingilishi. An yi murna da maganar Hausa, kuma ta isa a yi mata murna. Amma ɗaya ɓangaren, wato na Ingilishi, ba mu ji ana zancensa a rumfunan kasuwa ba, alhali kuwa ƴan kasuwa ya fi shafa.

Wanda ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, ko Matamaye zuwa Daura, ya san da Hausa ake ciniki har cikin Kantin Kwari a Kano. To amma rasit fa? Takardar kwastan fa? Saƙon da banki ke aikowa a waya fa? Duk da Ingilishi suke. In kuwa tafiya ta miƙa zuwa Legas, ko Akara, ko Dubai, ko Sin, sai Alhaji ya koma kurma da kunnuwansa, dukiyarsa tana hannun tafinta. Ga kuma hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinta a shekarar 2021. Ranar da ta fara aiki, takardu za su ƙaru ne, ba raguwa za su yi ba.

A lakol ta gwamnati, sai yaro ya shiga kolej, ajin siziyam, yake gamuwa da Ingilishi, kuma zai tarar da shi a jarrabawar BEPC da ta BAC. Ku dubi nauyin da ke kansa: harshen gida, ga Larabcin makarantar allo, ga Faransanci da bai gama zama a bakinsa ba, sannan a ɗora masa na huɗu. Faransanci ko ba komai yana jinsa a asibiti da ofis da talabijin. Ingilishi kuwa da an tashi daga aji shi ke nan, sai wani darasin. Aji ya cika maƙil, littafi bai isa ba, yaro na iya yin sati bai buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya ba. Mushe komai ƙoƙarinsa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san amsar da ake ba mu: "Ni da ban yi lakol ba, me zan koya masa?" Wannan magana ba mu karɓe ta ba. Ba wanda ya ce ku zama malamai. Uwar da ba ta san baƙi ba ta sha raino mahaddacin Alƙur'ani, don ta san lokacin da za ta tashe shi, ta kuma zauna ta saurari tilawarsa. Harshe ma da maimaitawa yake shiga.

Abin da ya fi tsada a gidan ɗan kasuwa shi ne lokacin yaro, musamman ƴa mace. Ta dawo daga lakol, tire na jiranta. Ta dawo daga talla, ga wanke-wanke, ga ɗiban ruwa, ga goyon ƙane. In ta ɗauki kaye bayan Isha'i, barci ya riga ta. Gobe in maki ya fito ƙasa a ce ba ta da kai, a cire ta. Ba mu raina ribar talla ba, mun san da ita ake cefane a gidaje da yawa, da ita ake tara kayan ɗaki. Amma Hajiya, rabin awa kafin Magariba ba zai karya jari ba. Ki ajiye mata tiren, ki ce ta karanta miki darasin yau da ƙarfi, ta kuma fassara miki da Hausa. Ko ba ki gane kalma ɗaya ba, za ki gane in tana inda-inda, za ki gane in shafin jiya ne take maimaita miki. Wanda ya iya gane jabun kuɗi da taɓawa ba za a ruɗe shi da kaye ba.

Littafin karatu kuwa yana nan jibge a rumfarku. Kwalin madara, ledar taliya, kwalbar magani, buhun omo, yawancin kayan da ke shigowa daga Najeriya da Ingilishi aka rubuta su. Ku miƙa wa yaro kwali ya nemo inda aka sa MFG, wato ranar da aka yi kaya, da inda aka sa EXP, ranar da za su lalace. Ya koyi kalma, ku kuma kun tsira daga saran kayan da suka kusa mutuwa. Sai lissafi, inda nan ne ake cutar mutane. A Faransanci, in an rubuta 1,500 da waƙafi, ɗaya da rabi ke nan. A Ingilishi kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Haka fifteen da fifty: a kunne kamar ɗaya suke, amma na farko 15 ne, na biyu 50. Yaron da ya iya rarrabe waɗannan a waya ya riga ya fara biyan kuɗin bik da kayensa. Ku sa shi ya riƙa faɗin farashin kaya da Ingilishi in ciniki ya lafa. In ya yi kuskure, kada ƴan rumfa su yi masa dariya. Dariya ɗaya a gaban jama'a tana rufe bakin yaro shekara guda.

Ku kuma gaya masa ba baƙon harshe ba ne gaba ɗaya. Bokiti, tebur, direba, tikiti, burodi, kanti, duk daga Ingilishi suka shigo Hausa. Faransancin da yake koyo ma jari ne, don kalmomin harsunan biyu da yawa rubutunsu kusan ɗaya ne, furuci ne ya bambanta.

Akwai iyayen da suka fara hana ƴaƴansu Hausa a gida wai don Turanci ya zauna. Wannan asara ce biyu. Yaron da ya iya ba da labari tiryan-tiryan da harshen uwarsa, shi ne zai iya da na wani. Kuma tafintan da ba ya jin Hausa sosai, wa zai yi wa fassara?

Maganar darasin kuɗi na yamma kuwa, a yi hattara. Ba duk wanda ya yi shekara biyu a Kano ko Kumasi ne malami ba. Kafin ku fitar da jika biyar ko goma a wata, ku tambaya: yara nawa ne a wurin? Magana suke yi, ko kwafe allo kawai? Sau da yawa, ƴan aji ɗaya su huɗu ko biyar da ke haɗuwa a zaure da fitila, wani yayansu na lise yana sauraronsu, sun fi amfana. Wayar da ke hannunku ma, maimakon fim kullum, a sa mushe ya ɗauki muryarsa yana karanta darasi, yaro ya saurara a gida. Ba ya cin kuɗin intanet.

Saura hakkin hukuma. Tun da ita ta rubuta Ingilishi cikin kundi, ita ya kamata ta kawo malamai da littattafai har kolej na ƙauye, in ba haka ba harshen zai zama na ƴaƴan masu biyan lakol mai zaman kanta kaɗai. Amma hukuma ba ta jin wanda bai yi magana ba. Kowace makaranta tana da kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye, wasu har da ta iyaye mata, AME, sai dai in an kira taro ƴan kasuwa ne ba a gani, wai ranar ciniki ce. A taro mai zuwa, kowane layi na kasuwa ya wakilta mutum ɗaya, maƙwabta su tsare masa rumfa, ya je ya tambayi darakta a gaban kowa: malamin Ingilishi nawa ne a makarantar nan, kuma yara nawa ke raba littafi ɗaya?