KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA WAJEN SAUYA WAYA

Duk lokacin da aka doshi Sallah, ko kuwa ciniki ya ɗan yi albarka, abin da ke fara faɗo wa da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kudu a rai shi ne sauya wayar hannu. Tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har Anaca da Fatakwal, za a ga mutum ya tattara gumin watanni ya nufi kasuwar wayoyi, ya miƙa tsohuwarsa, ya yi ciko, ya karɓo sabuwa. Tambayoyin da yakan yi wa mai kanti ba su wuce uku ba, wato kyan hotonta, da yawan abin da cikinta ke ɗauka, da daɗewar batirinta. Tambayoyi ne masu kyau, amma akwai waɗansu biyu da suka fi su amfani ga mai neman abinci nesa da gida, kuma ba safai ake yin su ba. Ta farko, shin akwai rediyo a cikin wayar? Ta biyu, idan ana magana da ita, data takan ci gaba da aiki, ko kuwa takan ɗauke?

Dalilin da ya sa ba a yin waɗannan tambayoyi shi ne wani zato da ya zauna a zukatan jama'a, cewa duk wayar da ta fi tsada, ko ta fi sabunta, lalle ta ƙunshi duk abin da tsohuwar ke yi har da ƙari. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Masu ƙera waya suna ƙara abu, suna kuma rage abu, kuma abin da suka rage ba sa buga shi da manyan baƙaƙe a bayan kwali. Su suna ƙira ne bisa bukatun masu saye na Turai da Amurka da Sin, waɗanda wutar lantarki ba ta yi musu wasan ɓuya. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mil Sha Biyu da maigadi a Lekki bukatunsu dabam ne.

A ɗauki maganar rediyo tukuna. Ba a bukatar a gaya wa Bahaushe darajar akwatin rediyo. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, rediyo ya zama abokin zaman manomi da ɗan kasuwa da direba. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ƙananan wayoyi masu maɓallai suka fara zuwa da rediyon FM a cikinsu, har jama'a suka ɗauka cewa waya da rediyo Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. To, manyan wayoyi masu tsada sun raba wannan zumunci. Wayar iPhone ba ta taɓa ba mai ita damar kama tashar FM kai tsaye ba. A 2017, bayan guguwa ta yi ɓarna a Amurka, shugaban hukumar sadarwa ta ƙasar ya roƙi kamfanin Apple ya kunna rediyon da ke cikin wayoyinsa domin ceton rayuka, kamfanin ya amsa da cewa iPhone 7 da 8 ba su da na'urar kama FM ɗin ma sam. Haka nan da yawa daga manyan wayoyin sauran kamfanoni sun bi wannan sahu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a fahimta. Galibin manyan wayoyin da ke da rediyo ba sa kama tasha sai an soka musu iyafis mai igiya, domin igiyar nan ita ce eriya. Tun da Apple ya toshe ramin iyafis a 2016, sauran kamfanoni suka yi ta kwaikwayonsa, rediyo ya rasa madogara a wayoyi da dama. Abin sauraro marar igiya, wanda ke aiki da Bluetooth, ba ya zama eriya. Saboda haka wayar da ba ta da ramin iyafis abar tuhuma ce, sai an gwada an gani.

Wani zai ce ai yanzu duk tashoshi suna kan intanet, me za a yi da FM? Amsar tana cikin aljihu. Sauraron tasha ta intanet, ko da a matsakaicin ingancin murya na kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya. Maigadin da ke sauraro awa uku kowane dare zai ƙone fiye da gigabait biyu da rabi a wata, a kan abin da iska ke kawowa kyauta. Ga shi kuwa a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Daɗin daɗawa, rediyon FM bai kai sauraro ta intanet shan batir ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da ake kwana biyu ba a ga wuta ba.

Amma babban amfanin rediyo yana bayyana ne ranar da intanet ya ɗauke. Ran 14 ga watan Maris na 2024 waɗansu manyan igiyoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, aka wuni ana fama, har harkokin bankuna suka tsaya cik a wurare da yawa. Kafin wannan, a watan Satumba na 2021, an rufe hanyoyin sadarwa na waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya rufewar ta shafi waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni a haka. Duk wanda ya je ganin gida a lokacin da babbar waya marar rediyo, to, madubi kawai ya riƙe a hannu. Baƙo kuwa a garin mutane ya fi kowa bukatar jin labari da wuri. In an sa dokar hana fita, ko tarzoma ta tashi a wata kasuwa, ko ruwa ya cinye wata hanya, sanarwar gidan rediyon garin ta fi jita-jitar da ake yaɗawa a WhatsApp abin dogaro. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Gwamnatin Indiya ta gane haka, shi ya sa a 2023 ta shawarci masu ƙera wayoyi da kada su kashe rediyon FM a wayoyin da suke sayarwa a ƙasar.

Gaskiya ne, kuma tilas a faɗa, cewa rediyon cikin waya ba ya kama gajeren zango ko matsakaicin zango. Zangon FM, daga 87.5 zuwa 108, ba ya tafiya nesa, don haka wanda ke Ikko ba zai kama Rediyon Kaduna ko wata tashar Kano da shi ba. Abin da zai samu shi ne tashoshin garin da yake, irin su Wazobia a kan 95.1 da tashar kula da zirga-zirgar motoci ta Jihar Ikko a kan 96.1, da waɗanda ke ware lokaci ga harsunan gida. Mai son jin gida kai tsaye har yanzu yana bukatar ƙaramin akwatin rediyo ko data. Wannan bai rage darajar FM ba, domin wutar da ke kusa da mutum ita ce ke fara ƙona shi.

Magana ta biyu, wato haɗa kira da data a lokaci ɗaya, ita ce ta fi shafar dukiya. Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, sanadiyyar sauya fasalin naira, ciniki ya koma ta tiransifa. Dillalin shanu ko mai goro yakan kasance yana kan waya da abokin ciniki, wancan yana cewa ya tura kuɗi, direba kuma yana tsaye yana jiran izinin ɗaga mota. Saƙon alat kaɗai ba hujja ba ne, domin 'yan damfara sun ƙware wajen aika na bogi. Hujja ita ce a buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun shiga. Idan wayar takan yanke data da zarar an ɗaga kira, dole mutum ya kashe waya, ya jira sabis ya dawo, ya duba, ya sake kira. A cikin wannan kai-komo ne gaggawa ke sa a saki kaya bisa alkawarin baki. Haka mai babur da ke kai saƙo yake, wanda ke bin taswira yayin da mai kayan ke kiransa, haka kuma mai sana'ar POS da ya jona na'urarsa da datar wayarsa.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A kan tsohon tsari na 2G, wanda ke nuna harafin E a saman waya, kira da data ba sa tafiya tare, ɗaya sai ya jira ɗaya. A kan 3G, mai nuna H, suna iya tafiya tare, ko da yake da ɗan nauyi. Shi kuwa 4G an gina shi ne domin data, saboda haka idan kira ya shigo, waya takan sauko zuwa 3G ko 2G ta amsa, sa'an nan ta koma. Idan wurin da mutum yake 2G ya fi ƙarfi, data ta tafi ke nan har a gama magana. Maganin wannan shi ne tsarin da ake kira VoLTE, wanda ke ɗaukar murya a kan 4G ɗin kansa, ta yadda magana da data ke gudana tare. Manyan kamfanonin layi na ƙasar nan sun fara ba da shi, amma sai abu uku sun haɗu: wayar tana da shi, kamfanin layin ya amince da irin wayar, kuma wurin yana da 4G. Wayar da VoLTE ke aiki a kanta a Landan tana iya zuwa Ikeja ta ƙi.

Ga kuma matsalar layi biyu, wadda ta fi damun 'yan ci-rani. Kusan kowa yana da layin da ke kamawa a ƙauyensu, da kuma wani da ya fi araha wajen data a birni. Mafi yawan wayoyi masu layi biyu hanya ɗaya ce gare su ta magana da turken sadarwa, layukan biyu suna karɓa-karɓa. Idan aka kira mutum a layi na ɗaya, datar da ke layi na biyu takan ɗauke gaba ɗaya. Waɗansu sababbin wayoyi suna da wurin da ake kunnawa domin data ta koma layin da ake magana da shi na ɗan lokaci, waɗansu kuwa ba su da shi. Kiran WhatsApp bai shiga wannan lissafi ba, tun da shi ma data ne, amma tsohuwa da ke ƙauye da ƙaramar waya kiran layi za ta yi, kuma shi za a amsa.

Wayoyin hannu na biyu da ake kwasowa daga ƙasashen waje suna da nasu tarkon. Kowane kamfanin layi yana da zangon da yake watsa 4G a kai, kuma ba kowace waya ce ke kama kowane zango ba. Lokacin da Glo ya fito da nasa 4G a 2016 a kan zangon 700, masu wayoyi da yawa sun tarar nasu ba sa ganinsa. Wayar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tana iya rasa zangon da ake amfani da shi a nan, ko ta zo a kulle da layin wani kamfani na can. Tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ma wurin sa katin layi. Batun 5G kuma, wanda MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo a 2023, bai wuce waɗansu unguwanni na manyan birane ba, saboda haka biyan kuɗi mai yawa dominsa, a bar rediyo da VoLTE, garin neman ƙiba ne a samo rama.

To, mene ne abin yi? Gwajin bai fi minti goma ba, kuma a gaban mai kanti ya kamata a yi shi kafin kuɗi su bar hannu. Mai saye ya sa layukansa na kansa, ya kashe Wi-Fi, ya kira abokin rakiyarsa kiran layi. Yana cikin magana ya buɗe wani shafi na intanet, ya kuma dubi saman wayar ya ga ko 4G ya tsaya, ko ya koma H, ko ya faɗi zuwa E. Sa'an nan ya sa a kira shi a ɗaya layin, ya sake gwadawa. Bayan haka ya kashe data ɗungurungum, ya soka iyafis, ya buɗe rediyo. In murya ta fito, rediyon gaskiya ne. In ta nemi a kunna data, to, manhaja ce kawai aka lulluɓe da sunan rediyo. A ƙarshe ya nemi rasit mai ɗauke da lambar wayar, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#, tare da sharaɗin mayarwa. Mai kantin da ya hana wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Nauyin bai tsaya kan mai saye kaɗai ba. Hukumar NCC, wadda ke tantance irin wayoyin da aka yarda a sayar a ƙasar nan, ya dace ta wajabta a rubuta a bayan kowane kwali, da baƙaƙen da ido ke gani, ko wayar tana da FM, da zangunan da take kamawa, da layukan da VoLTE ɗinta ke aiki da su. Kamfanonin layi su buga jerin wayoyin da suka amince da su cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa. 'Yan'uwa masu sayar da waya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, su tuna cewa wanda aka gaya wa gaskiya shi ke dawowa da abokansa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa kuma su sa wannan batu cikin faɗakarwar da suke yi wa sababbin zuwa.

Wanda kuma ya riga ya ƙudurta sayen babbar waya, kada ya yi saurin ba da ƙaramarsa a musaya. Ɗan kuɗin da za a rage masa bai kai amfanin wayar da ke kwana uku da caji ɗaya ba, mai tocila, mai rediyon da sau da yawa ba ya ma bukatar iyafis. Da tsohuwar zuma ake magani. Waya a hannun mai neman halaliyarsa a Kudu kayan aiki ce kamar fartanya a hannun manomi, kuma ba a taɓa ganin manomin kirki ya sayi fartanya don ƙyallin ƙotarta ba, sai ya taɓa bakinta ya ji kaifi.