YA SAN LANDAN, BAI SAN MARADUN BA

Yau maganar taswira zan yi muku, kuma don Allah kada wata ta ce me ya haɗa matar aure da taswira. Ya haɗa mana, tunda ita ce ke ɗauke maigidanki daga Magariba har tsakar dare, tuwo ya huce, yara su yi barci ba su ga ubansu ba.

Ki gwada wannan. Ki ɗauki takarda ki zana daga Jangebe zuwa Talata Mafara, ki ɓulla Bakura, ki dawo Maradun. Duk inda ake da gidan kallon ƙwallo ki shafa launin ƙungiyar da samari ke yi wa ihu. Me za ki gani? Ja na Arsenal da Manchester United, shuɗi na Chelsea, can wani lungu fari na Real Madrid. To ina launin Zamfara United da ke nan Gusau? Ki nema da fitila. Ko Kano Pillars da ta ci kofin ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sai ɗaiɗaiku ke tuna ta.

Za su ce miki ai 'yan gida suka bi. Gaskiya ne Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel ya shiga Chelsea a 2006 har ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012. Na yarda. Amma ai duk sun bar can da daɗewa, me ya hana masoya dawowa? Dalilin ya fi haka tsufa. A watan Maris na 1903 sojojin Lugga suka shiga Sakkwato, daga nan ƙasarmu ta koma launin Ingila a taswirar duniya. Turawan Ingila da na Faransa suka yi ta jan layi suna gogewa tun 1890 har zuwa 1906, layin da ya raba Katsina da Maraɗi, uwa ɗaya uba ɗaya. Yau ɗan Mafara yana kallon wasa mai sharhi na yi masa Ingilishi, ɗan'uwansa na Maraɗi kuma Faransanci ake zuba masa ta Canal+. Alƙalamin nan na shekara ɗari da ɗoriya shi ke zaɓa wa kowa yaren da zai ji ihun ƙwallo da shi, su kuwa sai bugun ƙirji suke wai ra'ayinsu ne.

Ni ba ƙwallon nake zagi ba, wasa ne, kuma ya fi zaman gulma. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mutum ya san Arsenal tana arewacin Landan, Chelsea tana yamma, ya san nisan filin wannan da na wancan, amma ki tambaye shi ta ina ruwan da ke ratsa gonarsa ya taso, sai ya hau sosa ƙeya. Haba malam!

Kuma rashin sanin nan ya taɓa cin mu, ba da wasa ba. A shekarun 1970 aka zo da kamfanin Impresit na Italiya don gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Injiniyoyi suka baje taswira a tebur, suka ja layi, nan ruwa zai kwanta, nan magudana za ta bi. A takardarsu fili ne kawai. A ƙasa kuwa gonakin gado ne, da rijiyoyi, da itatuwa, da kushewun kakanni. Dubban mutane aka tasa, diyya ta zama ja-in-ja, ƙasan madatsar kuma fadamun da ambaliya ke jiƙawa suka rage albarka. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyi, a watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Wa ya riƙe marayun? Mata. Wa ya koma surfe da daka don ciyar da gida bayan gona ta nutse? Mata dai. Amma ba a taɓa nuna wa ko mace ɗaya takardar da aka zana rayuwarta a kai ba.

A 1996 Janar Abacha ya yanke Zamfara daga jihar Sakkwato, shekarar da Najeriya ta ci zinare a Atlanta. Tambayi matasanmu wanne suka fi sani.

Sai kuma 26 ga Fabrairu, 2021, daren da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe. Ranar ce gidajen talabijin na duniya suka nuna taswirar Najeriya da ɗigon ja a kan garinmu. An sako 'yan mata 279 ranar 2 ga Maris, alhamdulillahi, ɗigon kuma ya ɓace daga allonsu. Mu mun haddace unguwanninsu, su kuwa sai da aka sace 'ya'yanmu suka nemi inda muke.

Abin haushi, bayan haka sai ka ji wasu iyaye maza na cewa gara yarinya ta zauna gida, boko ya ƙare. Tsoron gaskiya ne, ba na raina shi, kuma tsare makaranta haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma mutumin da ke biyan kuɗin gidan kallo duk mako, shi ne zai ce littafin taswira ya yi tsada? Yarinyar da ta iya karatun taswira, gobe in an zo da takardar fili ko ta rabon ruwan noman rani, ba za a sa ta dangwala yatsa a inda ba ta gani ba.

Don haka 'yar'uwa, idan maigida ya dawo cikin fara'a ƙungiyarsa ta ci, kada ki tare shi da faɗa. Ki kawo masa ruwa, ki zuba abinci, sannan ki ce ranar Talata in ya shiga kasuwar Mafara ya sayo wa yara littafin taswira, irin na 'yan makaranta. In ya kawo, ki ce ya fara nuna musu Landan tunda ya fi sanin ta, daga nan ya nuna musu Anka da gulbin Zamfara.