Hazon hunturu: A bai wa direban tirela damar tsayawa

Duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Arewa da hazo. Idan ya yi kauri, Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan yi gargaɗin cewa ido ba zai iya hangen abin da ya wuce mita 1,000 ba, a wasu wuraren ma ƙasa da haka. A irin wannan rana akan dakatar da tashin jirage a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, kuma babu mai zargin matuƙin jirgi da ragwanci. Amma direban tirelar da ya ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, tafiyar kilomita kusan 1,000, shi waya kawai yake samu daga mai kaya: "Malam, ina ka kai?"

A nan matsalar take. Direbobinmu na dogon zango ba jahilan hanya ba ne. Sun san cewa doguwar fitila a cikin hazo makanta take ƙarawa, domin ƙura na dawo da hasken cikin ido. Sun san cewa tsakanin tsakar dare da asuba sanyi ya fi tsanani, barci kuma ya fi sata. Sun san hayaƙin ƙonen daji a bakin hanya kan haɗu da hazo ya rufe gaba baki ɗaya. Abin da ba su da shi shi ne ikon tsayawa ba tare da asara ba.

Da yawansu ana sallamar su ne bisa sahun da suka yi, ba bisa kwanakin aiki ba. Hunturu kuwa shi ne kakar noman rani, lokacin da tumatir, tattasai da albasar Aliero ke kwarara Kudu, ga kuma shanun Potiskum da Maigatari. Kaya ne da ba sa jira. Duk daren da direba ya kwana a hanya, tumatir na ruɓewa, dabba na galabaita, mai kaya na ƙorafi. Sai direba ya kori barci da goro da shayi mai kauri, wasu ma da ƙwayoyi irin su tiramadol, ya kutsa cikin hazon.

Ko ya yanke shawarar tsayawa, ina zai tsaya? A Tafa da Mararrabar Jos, manyan motoci kan jeru a gefen titi, har su ci rabin hanya. Motar da ta lalace kuwa, ganye ake zuba mata a baya a matsayin alama, ganyen da ba a ganinsa a cikin ƙura sai an zo kansa. Karen mota na kwana a ƙarƙashin tirela, ya hura wuta dab da tankin mai. Wani direban ya shigar da kurfoti cikin kan mota ya rufe gilashi, alhali iskar da gawayi ke fitarwa guba ce marar wari, tana kashe mutum yana barci.

Za a ce jinkiri na ƙara tsadar abinci, kuma gaskiya ne. To amma tirelar da ta kife a hanyar Lokoja ba ta kai ko kwando ɗaya kasuwa ba, ta kuma bar marayu. Sauri, in ji Bahaushe, shi ke haifar da nawa.

Ƙasashen Tarayyar Turai, masu fama da dusar ƙanƙara, ba su bar wannan hukunci a wuyan direba shi kaɗai ba. Doka ta taƙaita tuƙinsa zuwa sa'a 9 a yini, ta kuma wajabta masa hutun minti 45 bayan kowace sa'a huɗu da rabi, da na'ura a cikin mota mai lissafa hakan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wa'azin rage gudu. Lokaci ya yi da za ta sa ido a kan tsawon tuƙi, ta kuma tuhumi mai motar da ya tilasta wa direbansa tafiyar dare a cikin hazo.

Ƙungiyoyin NARTO da NURTW su riƙa isar da gargaɗin NiMet tasha-tasha da Hausa, kafin a ɗaure lodi. Gwamnatocin jihohin da hanyar ta ratsa su samar da wuraren ajiye manyan motoci masu haske, tsaro da ɗakin kwana. Masu kaya kuma su ƙara kwana ɗaya a lissafinsu na hunturu. Mu da muke sayen tumatir a Wuse da Mararraba, haƙurin yini guda ba zai hana mu miya ba.